Hanyar Ruwa Kafin Harsashin Gini: Jagora ga Masu Sabon Fili a Tirwun

Yawancin filayen da ake saya a Tirwun da sauran unguwannin bakin birnin Bauchi da rani ake ganinsu, da rani ake biyan kuɗinsu. Mai saye ya zo a watan Fabrairu ko Maris, ƙasa ta bushe ƙamas, ya duba kusancin fili da titin Maiduguri, ya tambayi wutar lantarki, ya tambayi takarda, ya kira magini a ja igiya. Tambayar da ba a yi ita ce ta inda ruwa yake bi. Sai Agusta ta kama, katanga ta jiƙe har ƙugu, masai ya cika ya tumbatsa, ruwan rijiya ya sauya launi, maƙwabta biyu da ba su taɓa sa-in-sa ba su tsinci kansu a zauren mai unguwa. Kuskuren ɗaya ne yake maimaita kansa daga layi zuwa layi, kuma gyaransa kafin gini bai kai kuɗin buhunan siminti goma ba. Saboda haka na rubuta wannan jagora ga mai fili da magininsa.

Abin da nake so a fahimta tun farko shi ne, babu filin da yake zaman kansa a sha'anin ruwa. Kowane fili yanki ne na kwarin ruwa, wato faɗin ƙasar da duk ruwan saman da ya sauka a cikinta yake gangarowa ya fita ta ƙofa ɗaya. Jihar Bauchi kanta misali ce. Ruwan arewacinta yana bin kogin Jama'are zuwa dausayin Hadejia da Nguru, ya shiga kogin Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Na kudanci da gabas kuwa yana bin Gongola, ya ratsa madatsar Dadin Kowa, ya haɗu da Binuwai a Numan, daga nan sai Neja da teku. Tudu ne kawai ya raba su. Ko ruwan famfon da mutum ya ƙirƙiro wa hanya bai fita daga wannan doka ba: ana tara shi a madatsar Gubi, mai ɗaukar kimanin kubik mita miliyan 38, a tace shi, a tura shi da inji zuwa tankunan kan duwatsu irin na Warinje, sannan ya sauko gidaje da nauyinsa. Inji yana ɗaga ruwa na ɗan lokaci, gangare kuma shi yake da hukuncin ƙarshe. Layinku ƙaramin kwari ne, tsakar gidanka ƙarami a cikinsa, kuma aikinka shi ne ka san ƙofar shigar ruwa da ta fitarsa.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana buƙatar tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa, tsawon mita 15 zuwa 20, irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, sanduna biyu miƙaƙƙu, tef na awo, igiya da turaku kamar ashirin, diga da shebur, bokiti, agogo ko waya, sai littafi da biro. Ana buƙatar mutum biyu, domin awon tiyo ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Abu na ƙarshe shi ne haƙurin jiran ruwan sama ko da sau ɗaya, kuma shi ne kayan aikin da aka fi rasawa.

Mataki na 1: Karanta ƙasa

In da hali, ka je filin yayin da ake tsuga ruwa ko da zarar an ɗauke. Rabin awa a wannan lokaci ta fi awon kwana uku da rani. Ka tsaya ka ga ta wane ɓangare ruwa ke shigowa, ina yake gudu, ina yake kwanciya, ina yake fita, ka kafa turaku a wuraren. Kada ka tsaya a iyakar filinka. Ka bi ruwan sama da ƙasa, aƙalla tafiyar gidaje goma kowane ɓangare, domin abin da zai dame ka daga sama yake zuwa, wanda za ka dama kuma yana ƙasa. In rani ne, ƙasa tana barin shaida ga mai lura: siririn layin yashi mai laushi a tsakiyar jar ƙasa, ledoji da karmami da suka maƙale a gindin ciyawa suna fuskantar wuri ɗaya, baƙar laka mai tsattsagewa, tabon danshi a katangar maƙwabci. Sannan ka nemi wanda ya noma wurin kafin a yanka shi filaye. Tirwun tsohon gari ne da birni ya tarar, kuma manomansa sun san inda suke shuka gero da inda sai shinkafa ko rake suke yi. Wurin da aka taɓa noma shinkafa fadama ce, ko da dillali ya kira ta da wani suna, kuma ruwan da ya saba kwana a can zai dawo.

Mataki na 2: Auna gangare

Ido yana yaudara a kan gangare, musamman a fili mai faɗi. Ka cika tiyo da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya a ciki, domin kumfa ɗaya tana ɓata awon gaba ɗaya. Ka ɗaura kowane baki a jikin sanda. Mutum ɗaya ya tsaya a turken farko, ɗayan a turke na biyu mai nisan mita 10, ku jira ruwan ya natsu, kowa ya auna daga ƙasa zuwa inda ruwan ya tsaya. Ruwa a baki biyu na tiyo ɗaya kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, don haka bambancin awonku shi ne bambancin ƙasar. In na farko ya sami santimita 100, na biyu ya sami 125, to wurin na biyu ya fi ƙasa da santimita 25. A bi kusurwoyi huɗu da tsakiya a haka, a rubuta komai. Awon da ya fi kowanne muhimmanci, kuma wanda aka fi mantawa, shi ne na tsakiyar hanyar da ke gaban filin da na ƙasan kwata ko kwalbatin da ruwanka zai faɗa. Daga wannan wuri ake lissafin komai a dawo baya. Magini da ya fara daga tsakar gida ya nufi waje yakan iso bakin ƙofa ya tarar kwatarsa ta fi ta layi zurfi, ruwan waje ne ma yake shigo masa.

Mataki na 3: Lissafa yawan ruwan

Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Bauchi tana samun kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a Yuli da Agusta. Fili mai ƙafa 50 a 100 murabba'in mita 465 ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, lita 23,000 ta sauka a kansa, fiye da duro 110. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa da ciyawa suna shanye mafi yawa, abin da ke gudu bai wuce biyu ko uku cikin goma ba. Da zarar an rufa kwano an malale tsakar gida da siminti, kusan tara cikin goma ne ke fita, wato wajen lita 21,000, kuma a cikin mintoci maimakon awoyi. Layi mai gidaje 40 a haka zai zubo lita 840,000 a kan hanyar da a da take ɗaukar kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na wannan. Shi ya sa tsofaffin mazauna ke cewa a da ruwa ba ya shiga gidajensu, kuma gaskiya suke faɗa. Ruwan saman bai buƙaci ƙaruwa ba kafin ambaliya ta zo. Wurin shansa ne aka toshe.

A nan masu gida sukan kawo hujja mai ƙarfi: tsakar gida ta ƙasa tana kawo taɓo da damina, ƙura da rani, ga wahalar shara ga matan gida. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a bar gida cikin caɓi ba. A daɓe hanyar tafiya da wurin girki da wanki da gefen katanga, amma a bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na filin a buɗe, a zuba tsakuwa ko a dasa darbejiya, mangwaro ko zogale, a karkatar da daɓen ya zuba ruwansa a can. Mai gida ya sami tsabta da inuwa, layi kuma ya sami sauƙi.

Mataki na 4: Gwada yadda ƙasa ke shan ruwa

Ƙarƙashin Bauchi dutse ne mai tauri, irin wanda ya leƙo ya zama duwatsun da suka kewaye birnin. Akwai ma nau'in dutsen da masana ilimin ƙasa suka raɗa wa suna daga sunan Bauchi saboda a nan aka fara bayyana shi. Ruwan ƙasa a irin wannan wuri yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa, kuma kaurin wannan ɓangare yana sauyawa daga fili zuwa fili. Saboda haka abin da ya yi wa maƙwabcinka aiki ba lalle ya yi maka ba. Ka haƙa rami mai faɗin santimita 30 a inda kake nufin sa sokawe, wato ramin da ruwa zai nitse a ciki, ka cika shi da ruwa ka bar shi ya kwana, washegari ka sake cikawa ka sa agogo. In ruwan yana sauka inci ɗaya cikin ƙasa da rabin awa, ƙasar tana sha. In ya haura awa ɗaya, laka ce ko dutse na kusa, kuma sokawe a nan tafki zai zama. In kuwa ya ɓace cikin minti biyu ko uku, kada ka yi murna da wuri, domin yadda ruwa ya wuce da sauri haka ƙazanta za ta wuce zuwa rijiya. A rufe kowane ramin gwaji kafin a bar wurin. Rami mai ruwa a unguwar da yara ke wasa haɗari ne na rai.

Mataki na 5: Raba ruwa uku, ka zaɓi wurin rijiya da masai

Ruwa uku ne a kowane gida: na sama, na wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Kada a haɗa su a hanya ɗaya. Mai zuba ruwan rufi a cikin sokawen masai yana cika shi da dubban litoci a dare ɗaya, ƙazantar ta taso ta bi layi. Mai sakin ruwan masai a kwata kuwa ya aika da cuta ƙofar kowa. Wannan mataki ne na fi so a daɗe a kansa, domin kuskurensa ba a katanga yake bayyana ba, a cikin yara yake bayyana. A annobar amai da gudawa ta 2021 Bauchi tana cikin jihohin da abin ya fi shafa a Najeriya, kuma hanyar wannan cuta sananniya ce: bayan gida ya sadu da ruwan sha.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai, rijiya ta kasance a sama ta ɓangaren gangare, kuma ƙasan ramin masai ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina. A lura da kalmar damina: ramin da aka haƙa a Afrilu aka same shi a bushe yana iya zama cikin ruwa a Satumba. Zurfin ruwan rijiyoyin maƙwabta a ƙarshen Agusta shi ne ma'aunin gaskiya. Sai dai fili mai ƙafa 50 a 100 tsawonsa duka mita 30 ne, don haka ko ka kai rijiya kusurwa ɗaya masai ɗaya kusurwar, da ƙyar ka cika sharaɗin, kuma masan maƙwabcinka na iya kasancewa bayan katangar da rijiyarka take jingine. Wannan matsala ba ta warwaruwa a cikin gida ɗaya. Maganinta shi ne gidajen da ke jere su yarda tun kafin gini cewa duk masai zai koma ɓangare ɗaya, duk rijiya ɗaya ɓangaren. Inda hakan bai samu ba, a ɗauki ruwan rijiyar a matsayin na wanki, na sha kuma a tafasa ko a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta.

Wasu za su ce burtsatse ya raba gardama tunda yana da zurfi. Zurfi yana taimakawa, amma a ƙasar dutse tsaga ɗaya tana iya ɗauko ruwan sama-sama ta kai shi ƙasa ba tare da ya tacu ba, kuma burtsatsen da ba a toshe wuyansa da siminti ba yana shan ƙazanta ta gefen bututunsa. Ko rijiya ko burtsatse, a toshe mita uku na sama, a ɗaga bakin, a yi masa daɓe mai gangarewa waje da murfi. Ga masu haƙa kuma: kada a kunna janareta ko injin jan ruwa mai fetur a cikin rami ko a bakinsa, hayaƙin yana sauka ya kashe mutum ba tare da ya ji alama ba, kuma kada mutum ya shiga rijiya babu igiya a ƙugunsa da mai tsaro a sama.

Mataki na 6: Kama ruwan rufi

Rufi mai murabba'in mita 120 yana iya ba da wajen lita 96,000 a shekara bayan an cire abin da ya zube, jarka 3,800 da ɗoriya ta 'yan garuwa. Ruwa na milimita 20 kawai ya kusa cika tankin lita 2,000. A sa indararo mai ɗan gangare, da raga a bakinsa, a bar ruwan farkon damina ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, a kuma zubar da na mintocin farko a kowane ruwa. Tanki ya zama a rufe saboda sauro. Abin da aka fi mantawa shi ne bututun ambaliyar tankin. In ba a ba shi hanya ba, a gindin harsashi zai riƙa zuba.

Mataki na 7: Tsayin daɓe da ginin kwata

Daɓen ɗaki ya ɗara tsakiyar hanya da aƙalla bulo biyu, domin duk ranar da aka zo gyaran hanyar za a ƙara mata tsayi, gidan da yake daidai da ita yau zai koma rami gobe. Kwata ta sauka santimita ɗaya a kowace mita, wato santimita 30 a tsawon fili. In ta gaza haka, yashi zai kwanta, ruwa ya tsaya, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma sun ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. In gangaren ya yi tsanani, ruwan zai yi gudu, kuma in gudunsa ya ninka biyu ƙarfin cinsa ya ninka huɗu. A irin wannan wuri a yi wa kwatar matakala, a jera duwatsu a bakin fitarta, domin daga nan kwazazzabo ke farawa. Ƙasan kwata ya zama mai ɗan kwarmi maimakon shimfiɗaɗɗe, saboda ɗan ruwan rani ya taru a tsakiya ya tafi. A guji lanƙwasa mai kaifi, a bar wurin buɗewa don yasa. In za a haƙa ramin shan ruwan sama kuwa, ya nisanci gini da mita biyar, kuma wannan ita ce amsar masu tsoron cewa barin ruwa ya nitse a gida zai jiƙa harsashi: tsoronsu daidai ne in ramin yana gindin bango, ko in gwajin mataki na 4 ya nuna ƙasar ba ta sha.

Akwai dabarar da ta zama ruwan dare: mai fili a kwari ya sayi tifa ashirin ta jar ƙasa, ya cike wurin, ya zagaye da katanga. Gidansa ya tsira, amma ruwan bai ragu da ko lita ɗaya ba, ya koma gidan da ba shi da kuɗin tifa. Cikon da ya ɗaga ɗakuna ba laifi ba ne. Wanda ya toshe hanyar da ruwan layi ya saba bi cutar da maƙwabci ne, abin da addini ya hana, kuma katangar da ta tare ruwa takan faɗi ne da dare, a kan wanda yake barci a gindinta. In hanyar ruwa ta ratsa filinka, ka bar mata wuri a gefe ka gina ta da kyau, ko da za ka rasa ɗaki ɗaya.

Mataki na 8: Haɗa layin gaba ɗaya

Za a ce magudanar ruwa aikin gwamnati ne. Manyan magudanai da kwalbatocin titi aikinta ne, haka ma hana gini a kan rafi, kuma ya kamata mutanen unguwa su riƙa bin hukumar raya birane da ta kula da muhalli a rubuce har a yi. Amma gini a bakin birni yana riga hukuma isowa da shekaru, kuma in ta iso ta tarar kowa ya yi kwatarsa da nasa zurfin, sai an fasa kafin a gyara. Rikicin na sama da na ƙasa iri ɗaya ne ko a wane girma. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa ke isa dausayin Hadejia da Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyi, manoma da masunta na ƙasa suka ɗauki nauyin shawarar da aka yanke a sama. Shekaru da dama ana jayayya a kan madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi saboda wannan dalili: Bauchi na son noman rani, mutanen Yobe da Borno na tsoron abin da zai rage musu. Don irin haka aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976 bisa iyakar kwari maimakon iyakar jiha. Layi ma yana buƙatar ƙaramin irin wannan zama.

A taru a gaban mai unguwa kafin damina, a ɗauki tiyo ɗaya a auna layin daga sama har mafita, a sa alamar zurfin kwata da fenti a jikin kowace katanga, a yarda da faɗi ɗaya. A fara gini daga ƙasa a hau sama, domin kwatar da aka fara daga sama tana tara ruwa ta juye shi a ƙofar wanda bai shirya ba. Gadar shiga gida kada ta matse kwata; bututu ƙarami a ƙofa ɗaya yana mayar da ruwan gidaje ashirin baya. A yashe a watan Afrilu, a sake a tsakiyar Yuli, kuma a kwashe abin da aka yaso a ranar, don in an bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki. Bayan ruwa mai ƙarfi na farko, mutum biyu su bi layin da littafin awon nan, su rubuta inda ruwa ya kwanta da inda ya ci ƙasa, a gyara wuraren kafin Agusta.